Shanyar da Ba a Kwashe Ba

Kurmin Sarki, Suleja.

Yaya Esther,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Joshuwa da yara. Yaya ƙafar Mama?

Kin ce in daure in riƙe aikin koyarwa, kada in dawo gida. Ina ƙoƙari, Yaya. Amma tunda mijina Luka ya rasu garin nan ya yi mini duhu. Ga damina ta kankama: kullum sama a murtuke, kwatoci sun cika sun tumbatsa, bangon ɗakina ya yi kore. A aji nakan gaya wa ɗalibai cewa marubuta suna haɗa hadari ne idan mutumin labarinsu yana cikin baƙin ciki, har in yi dariya in ce dabara ce kawai. Yanzu na daina dariyar.

Kin san a gida idan hadari ya taso, duk wadda ke kusa ita ke kwashe shanyar kowa. Nan ma haka Inna Mairama, tsohuwar da ke ɗakin kusa da nawa, take yi mini. In na dawo daga makaranta sai ta miƙo mini kayana a ninke, tana tsokanata wai zannuwana sun fi nata tsufa. Watan jiya ɗanta ya tafi da ita garin Izom. Sauran 'yan hayar duk a Abuja suke aiki, da asuba suke fita. Ko sunana ban jin sun sani.

Makon jiya na yi wanki na shanya, sai zazzaɓi ya kwantar da ni. Ina jin ruwa yana dukan kwanon rufi, na kasa tashi. Na ce a raina, dole wani zai ga kayan nan suna ta shan ruwa, ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofata. Na kasa kunne har na gaji.

Da na ji sauƙi na fito, na hango an taɓa kayan. Har raina ya yi sanyi. Ashe an ture su ne can ƙarshen igiya, a dunƙule, sun yi funfuna, wani ya shanya nasa a wurin.

Yaya, da mutuwa na yi a ɗakin nan, haka za a ture su.

Kada ki sake ce mini in daure. Ki roƙi Mama ta bar mini ko gefen tabarmarta. Ki gaishe ta da yara.

Ƙanwarki,
Rahila