Ƙofar Ofishinki, Yaya Zulai

Assalamu alaikum Yaya Zulai,

Bayan gaisuwa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Ni ce Saratu, ƙanwarki. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba, ba kuma wanda zan bari ya karanta. Shekara biyu ke nan da muka rufe ki, har yau ban iya yin magana da ke ba ko a addu'a, sai dai in ja Ƙulhuwallahu in tashi.

Bari in fara da labarin gida. Mama tana nan wurina a unguwar Balsall Heath, Birmingham. Gwiwar nan ta tsananta, GP, likitanmu na unguwa, ya sa ta a layin aikin tiyata, muna ta jira. Ta daina zuwa suna da walima. 'Yarki Nana ta shiga jami'a, a can Oxford Road ta Manchester, kullum bus ɗinta yana wucewa ta gaban asibitin da kika yi aiki. Ta yi tsayi, ta ɗauko tafiyarki sak. Flat ɗinki na Old Trafford mun mayar wa mai shi. Littattafanki suna cikin kwali a ƙarƙashin gadona. Na rufe su ne don kada baƙi su ga hotunan bangonsu. Kin gani ko? Har bayan ranki ina ɓoye ki.

Lokacin da kike ungozoma kowa yana alfahari da ke. Sai bayan rasuwar Abban Nana kika koma karatu, kika ce kin gaji da sallamar mata daga ɗakin haihuwa alhali kin san akwai ciwon da suke tafiya da shi gida, wanda ba su da bakin faɗa. Kika fito a matsayin mai ba ma'aurata shawara kan zaman aure da abin da ya shafi shimfiɗa. Daga nan bakin mutane ya buɗe. Wai gwauruwa ce za ta koya wa masu aure aure. Wai kina zaunar da mazan mutane kina tambayarsu abin da ko uwarsu ba ta tambaya. Ni kuwa duk wanda ya ce mini me yayarki take yi, sai in ce ungozoma ce. Ranar sunan 'yata Amira na ja ki kicin na roƙe ki kada ki yi zancen aiki a gaban dangin mijina. Kika yi murmushi kika ce in kwantar da hankalina, rabin matan da ke falon sun fi ni son ki yi shiru. Ban gane ba a lokacin. Na ji haushi ma.

Ba ki taɓa faɗa mini sunan kowa ba. Sai a zaman makoki na fara ganinsu. Wani direba mutumin Ghana ya zo da matarsa daga nan Birmingham, tana goye da jaririya. Ya durƙusa gaban Mama, ya ce shekara uku suka yi da aure kamar wa da ƙanwa, suna kuka a ɓoye, malamai sun ba su rubutu har sun gaji, sai da suka zo wurinki. Sunan yarinyar Zulaihatu. Matan likitoci da injiniyoyinmu kuwa sun zo, sun yi ta'aziyya, wasu sun yi kukan da ya fi ƙarfin sanayyar nesa, amma ba wadda ta yarda ta ce ta taɓa zuwa wurinki.

Na tuna shekarar da aka fara yanke kuɗin komai. Kika kira ni kika ce an rufe sashenku, an ce ba ya cikin abubuwan dole. Na ce ki koma ɗakin haihuwa, aikin mutunci. Kika ce to su matan fa, su koma ina? Kika kama ɗaki a saman shagon wani tela. A asibiti akwai mai karɓar baƙi a bakin ƙofa, akwai maɓallin neman agaji a ƙarƙashin teburinki. A can kuwa matakala ce kawai da ƙofa ɗaya. Sau ɗaya na je. Na ga kujeru uku da kwalin tishu, na ce wurin ya yi shiru da yawa. Kika ce shirun ne yake kawo su. Kika kuma gargaɗe ni, kada in ba kowa adireshin sai na tambaye ki.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Kin san ni na turo miki Asma'u, matar abokin Abban Amira. Ita ce mutum ta farko da na taɓa gaya wa gaskiyar aikinki, ranar da ta nuna mini tabon dukan mijinta a bayanta a banɗakin gidan biki. Wata da watanni tana hawa jirgin ƙasa zuwa wurinki a Manchester da sunan wani kwas. Da ta yanke shawarar tafiya da 'ya'yanta, ke kika yi ta buga waya gidajen mafakar mata. Na kusa da mu duk sun cika, wani ma an rufe shi, sai can wani gari mai nisa kika samo mata gado. Wannan duk kin sani.

Abin da ba ki sani ba shi ne mijinta ya zo gidanmu. Ran Asabar ne da rana, Abban Amira yana wurin aiki. Ba zan rubuta sunansa ba. Ya zauna a falona, mutumin da ake sawa a gaba a kowane taro, ya cire tabarau ya yi hawaye. Ya ce ya san ya yi laifi, yana so a yi masa magani, kuma ya ji ke kaɗai Asma'u take jin maganarki. Yaya, wallahi daɗi na ji. Na ce yau ga babban mutum yana neman yayata, yau za a san darajar aikinki. Na ɗauko ambulan ɗin wata takardar hukumar gari na rubuta masa adireshin a bayansa. Ban tsaya nan ba. Na ce ya je ran Laraba bayan la'asar, lokacin kin sallami kowa, tela kuma ya tafi masallaci, ba wanda zai gan shi ya ji kunya.

Na yi niyyar kiranki. Kwana huɗu ina da su. Na san za ki yi mini faɗa, shi ya sa kullum nake cewa gobe.

Telan ne ya dawo ya same ki kwance cikin jini a kan matakala. An ce kin sauko har rabi. Me kika tuna a wannan lokacin? Kin tambayi kanki yadda aka yi ya san wurin? Kin gane ni ce? A kotu aka karanta abin da ya faɗa wa 'yan sanda, cewa ya yi ta tambayarki inda matarsa take, da wuƙa a hannunsa, kika ƙi faɗa. An yanke masa ɗaurin rai da rai. Bai ambaci ambulan ɗin ba, ban san dalili ba. Kowa ya ɗauka a tsohuwar wayar Asma'u ya gani. Ni kuma ina zaune a layi na biyu, riƙe da hannun Mama, na bar su a haka.

Asma'u tana can tana ɗauke da kayan da ba nata ba. Duk Sallah sai ta turo saƙo a roƙa mata Mama gafara, ni ce ma nake karanta wa Mama. A falona wata ta ce, Allah ya jiƙanki, amma ke ma me ya kai ki shiga tsakanin mata da miji. Na ji da kunnena, na ƙara mata shayi. Nana kuwa in ta zo hutu a kafaɗata take kwantar da kai, tana cewa ni ce na rage mata. Ta yaya zan buɗe baki? In na faɗa, Mama ta rasa 'ya'ya biyu ke nan, Nana ta zama ba ta da kowa. In na yi shiru, Asma'u za ta mutu tana zaton ita ce.

Na je wurin GP da barci ya gagare ni. Aka sa ni a layin ganin mai ba da shawara, na yi kusan shekara ina jira. Da lokaci ya yi, wata yarinya ce Baturiya mai kirki, zama shida aka ba ni. Na yi mata zancen barci da ciwon kai har suka ƙare.

Mutum ɗaya na sani a duniya da ake gaya wa irin wannan magana ba ta kawar da kai ba, ba ta kuma fasa kallon mutum a matsayin mutum ba. Duk Birmingham da Manchester sun san hanyar zuwa wurinta, ban da ni da muka sha nono ɗaya. Ba na ce ki yafe mini ba, Yaya, ban kai can ba. So nake kawai a ce na faɗa miki.

Allah ya haskaka makwancinki. Sai ranar da za a tsayar da mu, a tambaye ni a gabanki.

Ƙanwarki,
Saratu
Balsall Heath