Sunan da Kuka Rubuta a Ƙarƙashin Hoton Mahaifina

Zuwa ga Shugaban babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafar da mahaifina ya tsare wa gida,

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Saratu, malamar firamare ce ni a Kafanchan, 'yar Bulus, tsohon ma'aikacin reluwe. Na rubuto ofishinku, na buga waya har na gaji, shiru. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Ba na musun tarihinku. Kun ci kofin ƙasa, kun fita waje kun fid da mu kunya, kun raini yara da yawa har suka zama mutane. A gidanmu ranar da aka ci ku ko tuwo ba ya shiga. Masoyiya ce ke magana, amma ranta a ɓace yake.

Na farko, mahaifina ne ya tsare muku gida a kakar da kuka fara ɗaukar kofin ƙasa. Lokacin yana aikin gyaran kan jirgi, kuma in aka ji ma'aikaci yana buga wa wata ƙungiya da ba ta reluwe ba, aikinsa ya tafi. Shugabanninku na wancan zamani suka ce ba komai, suka ba shi katin rajistar wani ɗan wasa mai suna Ayuba, wanda ya ji rauni ya koma garinsu. Ranar Juma'a Baba ya hau jirgi ya je ya buga a matsayin Ayuba, Litinin da safe ya koma Bulus, hannu duk baƙin mai. Abokan wasansa sun sani, koci ya sani, 'yan kallo ma da yawa sun sani. Katin ne kaɗai bai sani ba.

Na biyu, bara mutanenku biyu suka zo gidanmu, suka ce kuna shirya ɗakin tarihi. Muka karɓe su hannu biyu. Baba ya sa na jawo masa tsohon akwatinsa, ya ba su aron hotonsa da safar hannunsa da lambar yabon da aka rataya masa. Ya zaunar da su ya ba su labarin katin tun daga tushe. Ɗayansu yana ta gyaɗa kai yana latsa waya. Ashe iyakar aikin ke nan, gyaɗa kai.

Na uku, da aka buɗe ɗakin na shiga mota na je da kaina. Ga Baba a bango yana saurayi, ga safarsa cikin gilashi, a ƙasa an rubuta Ayuba. Na yi wa mai kula da wurin bayani, ya ce daga katunan rajista aka kwafo sunaye, abin da ke kati shi ne tarihi. To ranka ya daɗe, in kati ne tarihi, me ya kawo ku Kafanchan? Kati ne ya ba ku safar? Kati ne ya karya yatsa a wasan ƙarshe, har yau yatsan bai miƙe ba?

Ba ni da rigima da Ayuba. Ya yi nasa wasannin, a yaba masa a kansu. Amma littafin tarihin da kuka buga ya iso garinmu, kuma har a coci bayan sujada an fara raɗe-raɗin cewa tsoho ya shekara yana cika baki a banza. Mutumin da ya ɓoye sunansa don ku, yau shi ne maƙaryaci. Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai.

Ina roƙon ku gyara sunan a bango da cikin littafin, ku kuma rubuta labarin katin yadda yake, ai ba abin kunya ba ne yanzu. Abokan wasansa biyu suna raye, ɗaya a Zonkwa, ɗayan ya koma gida kudu; ku tura wanda zai saurare su da gaske. Lambar yabon kuma aro aka ba ku.

Ku yi da sauri, don Allah. Idon Baba ya tafi, jikin ma ya yi nisa. Ya san na je wurinku, kuma kullum sai ya tambaye ni me aka rubuta a ƙarƙashin hotonsa. Nakan ce hoton ya yi kyau, shi kuwa ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Ban taɓa yi wa mahaifina ƙarya ba, kuma ba zan iya gaya masa gaskiyar nan ba. Ku ba ni amsar da zan kai masa tun yana iya ji.

Allah ya ba ka tsawon rai da hikimar shugabanci, ya ƙara wa ƙungiyar nasara, ya sa 'ya'yanka su same ka da sunanka.

Wassalam.

Saratu 'yar Bulus,
Kafanchan.