Inda Muka Ce Babu Kifi

Split, 4 ga Oktoba

Yaya Bartul,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Nevenka. Na san kun fara tsinkar lemo, amma ka ajiye kwandon ka karanta wannan. Ban kira ka a waya ba don injin kwale-kwale ya gama cinye maka kunne, sai na yi ihu kake ji, kuma wannan ba maganar ihu ba ce a ofis mai mutum huɗu.

Ka san bututun ƙazantar da za a jawo daga garuruwan tudu zuwa matatar bakin teku. Dole ya tsallaka koginmu, kuma tun da bakin kogin yana cikin yankin da doka ta killace, ba mai haƙa ko taku ɗaya sai ofishinmu ya ba da izini. Jiya fayil ɗin ya sauka a teburina. Ni ce mai sa hannu.

Da can an shirya kafa sabbin ginshiƙai a gefen tsohuwar gada, a ɗora bututun a kai. Yanzu an sauya. Za a tsaga gindin kogin a binne shi, a danne da duwatsu da siminti. Na ɗora yatsa a taswira ina bin jan layin, sai na ga ya sauka daidai kwanar da ɓauren nan ya sunkuya kan ruwa. Yaya, Gurbin Gwauro ne. Gurbin Baba.

Rahoton masanin kifi, wani Dakta Perak, ya ce wurin laka ce matacciya, wai haka masuntan yankin suka tabbatar baki ɗaya, kuma yegulya, dogon kifin nan namu mai kama da maciji, a ƙarƙashin gada take taruwa. Don a kare ta aka kauce wa gadar. Ƙarƙashin gada! Inda ko kwaɗo ba ya yini.

Tun jiya na kasa zama wuri ɗaya. Su waye waɗannan masuntan?

Ƙanwarka,
Tonka

Podvrba, 9 ga Oktoba

Auta, uwar hatimi,

Muna lafiya, lemo ya yi kyau bana, bayana ne kawai ba ya so. Nevenka tana gaishe ki.

Kina tambayar su waye kamar ba a gidan nan aka yanke miki cibiya ba. Ni ne mana.

A watan Afrilu mutumin ya zo, da farin takalmin roba da ɗan littafi. Ba shi da laifi, har hula ya cire wa Nevenka. Ta yi masa miyar yegulya da kwaɗi da tuwon masara, ya ci har yana share gumi da hannun riga. Ya ɗaga wani yanki mai kauri ya ce, “Maigida, kifin nan naku kamar maciji a ido, amma a baki ba shi da na biyu. A ina ake samun irin wannan?”

To me zan ce? Kin san koyarwar Baba. Baƙo in ya tambayi wurin kifi, a cika masa ciki tukuna, sannan a nuna masa gada. Na ce, “Ƙarƙashin gada, Dakta, kamar a tukunya.” Ya nuna kwanar ɓaure a taswirarsa ya ce, “Nan fa?” Na ce, “Kai, nan? Ko sauro ya yi ƙaura.”

Ya zaga garin nan gida-gida, kowa abin da ya faɗa masa ke nan. Har Ilko, wanda shekara shida ba ya amsa gaisuwata saboda maganar iyakar gona. Ranar na ji daɗin garinmu, ba zan ɓoye miki ba. Ƙidayar kifi ya ce mana yana yi, ba wanda ya ambaci bututu.

Wasiƙarki ta hana ni tsinkar lemo yini guda. Na je gurbin sau biyu, na zauna kawai ina kallon ruwa. Amma ai abin da sauƙi. Ke kike tuƙa wa Baba jirgi tun kina 'yar shekara tara, kin san abin da ke kwance a lakar nan. Ki ƙi sa hannu, shi ke nan.

Yayanki,
Bartul

Split, 14 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ku. Allah ya sauwaƙe ciwon bayan.

Da abin ya yi sauƙi haka, da ban ɓata maka yini ba. Abin da na gani ina yarinya ba hujja ba ce. In na ƙi sa hannu ba dalili a rubuce, za a ce 'yar garin ce, a ɗauke fayil ɗin a ba na kusa da ni, mutumin da bai taɓa taka bakin kogin nan ba. Kafin ya gama shan kofi ya sa hannu.

Hanya ɗaya ce. Doka ta ba jama'a har 3 ga Nuwamba su kawo ƙorafi. Sai masunci ya rubuta da sunansa cewa abin da aka faɗa wa Dakta Perak ba haka yake ba, shi kuma ya dawo ya tabbatar.

Ba zan yi maka abin da ka yi wa baƙonka ba, don haka ga sauran maganar. Gurbin ba ya cikin iyakar da lasisinka ya ba ka. In ka rubuta, ka amsa da bakinka cewa kana kafa gurar kamun kifi a inda aka hana, za su iya karɓe lasisin da kwale-kwalen. Kuma ranar da wurin ya shiga taswira, za a kafa allon hana kamun kifi. Ba mai sake jefa gura a can, kai ko wani.

In kuma aka yi shiru, lakar da yegulya take shiga ta yi sanyin hunturu za ta koma siminti. Ba allo, ba kifi.

Ni ma na yi wa Baba alkawarin ɓoye gurbin nan. Ya kama hannuna ya tsoma a ruwan, ya ce ko mijina kada in faɗa wa. Ban faɗa ba har muka rabu. Yanzu ga ni ina roƙonka ka faɗa wa gwamnati. Ina jin kunyar hakan, kuma ina roƙon.

Tonka

Podvrba, 23 ga Oktoba

Tonka,

Gaisuwa. Na so in ƙi ba ki amsa. Kina zaune kan kujera mai juyawa kina raba mini hanya biyu, kowacce ta ɓulle rami. Kwana uku ina zagin ki a gona, ki tambayi itatuwan lemo.

A rana ta huɗu na rubuta. Nevenka ta gyara mini kurakurai, ta kai gidan waya da kanta don kada in canja ra'ayi a hanya.

Shekaranjiya Daktan ya dawo. Ya same mu a rumfar awon lemo, kusan duk mazan garin suna nan. Ya karanta takardata a gabansu, ya ce, “Jama'a, gaskiya ne?”

Ilko ya tuntsire da dariya. “Dakta, Bartul fa? Tun da inji ya toshe masa kunne, ƙwaƙwalwar ma ba ta samun iska. Kwanar ɓaure? Je ka jefa ƙugiya, in ka kamo tsohon takalmi ka gode Allah.”

Kowa ya gyaɗa kai. Na ce, “Ku ji tsoron Allah, bututun kashi za a binne a wurin!” Wani ya ce, “Shekara ashirin ana cewa za a kawo bututu. Allo kuwa a yini ɗaya ake kafa shi.”

Daktan ya rufe littafinsa ya ce, “Maigida, a watan Afrilu mutum goma sha huɗu suka ce mini gada, kai ne na farkonsu. Yau kai kaɗai ne. Wane Bartul zan yarda da shi?” Ya ce sai dai ya gani da idonsa, kuma ba ya shiga yankin sai tare da jami'in kamun kifi.

Kin gane ko? Takarda ba ta isa ba, sai na ɗaga gurata a gaban mai kama ni. Ran Lahadi ba macen da ta matsa ta ba Nevenka wuri a bencin coci. Ban san abin da zan yi ba. Ina fita, ina dawowa, ina sake fita.

Bartul

Split, 27 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ka, ka ba Nevenka haƙuri a madadina.

Wannan karon ba zancen shekara ashirin ba ne. Na ga injin haƙar da idona a tashar jirgin ruwa, an rufe shi da tamfol yana jiran sa hannuna. Saura mako ɗaya.

Ba zan sake ce maka ka yi ba. Kwale-kwalenka ne, kuma kai za ka ci gaba da zama da Ilko da sauransu, ba ni ba. Duk abin da ka zaɓa, yayana ne kai. 

Tonka

Podvrba, 31 ga Oktoba

Auta,

Muna lafiya.

Iskar kudu ta kawo ruwa shekaranjiya, yegulya ta motsa. Jiya da safe na ɗauki Daktan da jami'in. Gurar farko Daktan ya kasa ɗaga ta, sai da na kama masa. Da muka juye, farin takalminsa ya ɓace cikin yegulya har ƙauri. Jami'in ya daina ƙirga a gura ta uku. Muka mayar da su ruwa gaba ɗaya.

Sun karɓi lasisin da kwale-kwalen. Ilko ne ya dawo da ni gida a nasa.

Daktan ya ce bututu zai koma gada. Ya tambaye ni sunan wurin don ya sa a taswira. Bakina ya buɗe da kansa zai ce ƙarƙashin gada. Na haɗiye, na faɗa masa, har sau biyu. In ta iso teburinki ki duba ko sun rubuta daidai.

Gobe ranar ziyarar kaburbura ce. Ki aiko wa Baba da furanni in kin samu mai zuwa, amma bayanin ni zan yi masa.

Yayanki,
Bartul