Kada a Sake Ɓoye wa Auta Ruwa

Baban Auta,

Mun wuce asibiti, ban iya jiran dawowarka ba. Ɗazu na tarar da Auta a banɗaki yana shan ruwan bokiti, leɓɓansa duk sun tsattsage. Ashe Inna ce ta kulle gorunan ruwa a ɗakinta, wai don ya daina fitsarin kwance.

Na gaji da bayani. Ba ciwon suga ba ne, ba shagwaɓa ba ce. Likita ya ce jikinsa ba ya yin sinadarin da ke riƙe ruwa, yana sha yana zubarwa kamar rariya. Maganin da muke fesa masa a hanci ya ƙare, na zaga kemis babu.

Ka lallaɓi Inna, mahaifiyarka ce, ni bakina bai kai ba.

Auta yana ta tambayata laifin da ya yi.