Hannun Daman Malam Tahiru

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Yau Madam Raudatu, shugabar ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, ta yanke magana. Ranar Asabar 2 ga Nuwamba za ta zaɓi wasan da za a nuna a bikin ƙarshen kaka: ko nawa, ko na wani malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Takieta. Shekara goma sha ɗaya ina kwafe wasannin wasu da hannuna ina raba wa 'yan wasa. Sau uku na kawo nawa, sau uku aka mayar mini. Ta ce, “Malam Adam, rubutunka ya fi na kowa tsabta, amma mutanenka ba sa numfashi. Wannan ne na ƙarshe da zan karanta.” Ba cikin fushi ta faɗa ba, kuma abin da ya fi yi mini ciwo ke nan.

Na sake buɗe ɗan littafin koyon rubutun da na saya a kasuwa tun shekarun baya, mai shafi talatin da biyu. Ƙa'ida ta shida ta ce a ba jarumi ciwo biyu, ɗaya a jiki, ɗaya a zuciya. Na bi ta sau da ƙafa. Jarumina Malam Tahiru ne, manomi a Droum, wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ciwon zuciyarsa kuwa, gonarsa ta koma hannun wasu. Na cika masa takarda guda: tsawonsa, shekarunsa, launin rigarsa, abincin da ya fi so.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Fitowa ta uku ta kammala. Malam Tahiru ya ce “alhamdulillahi” sau goma sha huɗu. Ina ganin ya isa nuna haƙuri.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ban so rubuta abin da ya faru yau ba, amma kundin da ake ɓoye wa gaskiya ba shi da amfani.

An yi karatun gwaji a tsakar gidan Madam Raudatu. Gambo mahauci ne aka ba Malam Tahiru, domin shi ya fi kowa iya dattijo. Ya sake kafaɗarsa ta dama, ya rataye hannun kamar tsumma, har na ji daɗi. Aka zo inda na rubuta cewa baƙi sun shigo, Malam Tahiru ya ba su hannu ɗaya bayan ɗaya, sannan aka kawo tuwo suka ci a kwano ɗaya. Sai Gambo ya tsaya cak, ya dube ni.

“Malam Adam, da wane hannun?”

Na ce wane irin wane hannu.

“Na daman ka kashe mini shi tun shafin farko. Ko ya farfaɗo ne da ya ji ƙamshin miya?”

Kowa ya fashe da dariya, har da matar da ke tsinke zogale a gefe, wadda ba ma 'yar ƙungiya ba ce. Madam Raudatu kaɗai ba ta yi ba. Ta ce, “Ka taɓa zama da mai irin wannan lalura kuwa?” Na ce a'a.

Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ya Bukar, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, baduku ne a unguwar Birni. Wata tara ke nan da tansiyo, wato hawan jini, ta kayar da shi a bakin rumfarsa, ɓarin dama ya tafi. Na je asibiti sau biyu, na je gida sau ɗaya. Daga nan sai aike da gaisuwa ta bakin matata Zara. Dalilaina: aikin biro (ofis), nisa, da kuma cewa shi ya fara daina zuwa cin abincin Juma'a da muke haɗuwa a zauren kawunmu, ba tare da ya ce wa kowa komi ba. Na ɗauka fushi yake da mu.

Akwai dalili na huɗu. Ni ma likita ya ce tawa tansiyon ta hau. Shekara huɗu ce tsakanina da shi.

Ban san abin da ya sa na zaɓa wa Malam Tahiru wannan ciwon ba. Ya dai zo mini ne.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ƙa'ida ta tara: marubuci ya yi bincike. Na tsara tambayoyi goma sha biyu a kaye, littafin rubutuna, na ja layi a ƙarƙashin kowace.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na je Birni bayan la'asar. Fanta, matarsa, ta tare ni a ƙofa: “A'a, ƙanin mijina! Wa ya nuna maka hanya? Da ka ce a aiko maka da ɗan jagora.” Na yi abin da ya yi kama da dariya.

Yana zaune a kan tabarma, ya rame, bakinsa ya ɗan karkace. Na miƙa hannu don mu gaisa, sai na tuna, na janye, na sake miƙawa. Yana kallona har na gama wannan rawar. Da na fito da kaye sai ya ce, a hankali domin harshen ya yi nauyi, “Wata tara, Adam. Yau ka zo da takarda. Ƙidayar jama'a ake yi?”

Na yi bayanin wasan. Na karanta tambaya ta farko: yaya zafin ciwon yake? Ya ce babu zafi. Ta biyu: me ke ba ka haƙuri? Ya ce, “Wa ya ce maka ina da shi? Tambayi Fanta.” Daga madafa ta amsa, “Kwano uku ya fasa mini!” Ta uku ban kai gare ta ba. Ya ce in rufe abin nan, in karanta masa wasan.

Na karanta fitowa biyu. Ya saurara ido rufe. Da na gama ya ce, “Wannan mutumin waliyyi ne. Ka kai shi Makka a ajiye. Ni ban san shi ba.”

Na dawo gida kaina yana sarawa. Saura kwana goma sha biyar.

Talata, 22 ga Oktoba

Na koma, domin babu wata dabarar. Wannan karon ban yi tambaya ba, na dai zauna, kuma abin da na gani a awa biyu ya fi takardar da na cika wa Malam Tahiru nesa ba kusa ba. Ina jera su kafin in manta.

Yana ɗaure mazagin wandonsa da haƙori da hannun hagu, kuma ba ya yarda a taimaka. Wani maƙwabci ya shigo dubiya yana ɗaga murya kamar da kurma yake magana, sannan ya juya ya tambayi Fanta, “Yana cin abinci kuwa?” Ya Bukar ya ce, “Yana ci, yana kuma ji.” An kawo masa fatar akuya daga majema don ya duba, ya shinshina ta kawai ya ce ba ta jemu ba, a mayar, na minti ɗaya fuskarsa ta koma ta dā. Ya ce a mafarki hannun lafiyarsa ƙalau, har ɗinki yake da basilla, saboda haka farkawa ce ya fi ƙi. Yana dariya fiye da yadda na zata, kuma mafi yawa a kaina.

Da aka kawo abinci, Fanta ta ajiye mini nawa a nan, ta kai nasa cikin ɗaki. Ya miƙe da sanda ya bi shi. Na ce, “Yaya, ba ma ci tare?” Ya tsaya bai juyo ba.

Zan rubuta abin da ya ce yadda na iya tunawa. “Adam, hannu ɗaya ya rage mini. Da shi nake tsarki. Da shi zan ci. Kana so in zura shi cikin kwanon da Kawu ke ci? Ba wanda zai ce komi, na sani. Amma zan ga mutum yana jan lomarsa daga gefena.” Na ce ai lalura ce, malamai ma sun yi sassauci. Ya ce, “Malamai sun yafe. Ka je ka gaya wa idon mutane.”

Ashe shi ya sa ya bar zauren Juma'a. Ashe shi ya sa yake zuwa masallaci bayan an tayar da salla, ya fita kafin a fara musabaha. Wata tara ina cewa fushi ne.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na yaga fitowa ta ɗaya zuwa ta uku. Ban taɓa yaga takardar da na rubuta da tsabta ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Rubutu yana gudu har alƙalamin bik ba ya cim masa. Na cire maganar gona gaba ɗaya. Yanzu abu guda ne a wasan: ana sunan jikan Malam Tahiru, gida ya cika da baƙi, shi ne babba, dole ya zauna da dattawa a kwano ɗaya. Tun safe yake ƙirƙiro dalilan guduwa: ciwon ciki, azumin nafila, akuya ta ɓata. Yana yi wa matarsa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Yana ba da dariya, yana ba da haushi. Na lura ciwon jiki da na zuciya ba biyu ba ne kamar yadda ɗan littafina ya raba su. A hannu ɗaya suke zaune. Ban ce littafin ya yi kuskure ba. Shafi talatin da biyu ne kawai.

Abin da ke damuna: sirrin yayana ne. Ba ni da ikon kai shi gaban jama'a sai da izininsa. In ya hana, ba ni da wasa.

Talata, 29 ga Oktoba

Na karanta masa duka. Fanta ta bar wankinta ta zo ta tsaya. A wurin akuyar da ta ɓata ta yi dariya har ta riƙe bango: “Wallahi shi ne! Ranar sunan gidan maƙwabciyarmu Aliya cewa ya yi kunama ta harbe shi!”

Shi bai yi dariya ba. Ni kuwa na riga na fara tsara yadda zan gaya wa Madam Raudatu na janye. Sai ya ce, “Ƙarshen nan ƙarya ne.” A wasan na rubuta cewa Malam Tahiru ya fashe da kuka a gaban baƙi, suka rarrashe shi. “Ba zai yi kuka a gabansu ba. Zai wanke hannun nan sau uku, a fili, da sabulu, kowa na gani. Sannan ya ce bisimilla da ƙarfi, ya riga kowa sa hannu. Daga nan matsalar ta zama tasu.”

Na ce, “Haka za ka yi, Yaya?”

“Ni na ce Tahiru. Rubuta.”

Game da izini kuwa, cewa ya yi in kai, amma in gaya wa Gambo kada ya karkace baki da yawa, ba biri ake nunawa ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

An zaɓi nawa! Alhamdulillahi, an zaɓi nawa.

In natsu in rubuta a tsare. An fara da na malamin Takieta, kuma wasa ne mai kyau, ba zan rage masa ba. Sannan namu. Da Gambo ya fara dalilan guduwa, tsakar gidan ya kaure da dariya, amma ba irin ta ranar nan ba. Da ya zo wankin hannu, ya wanke sau ɗaya, sau biyu, ana ta ƙyalƙyala. A na uku babu mai motsi. Ya ce bisimilla, ya sa hagunsa a kwanon. Musa, wanda ke fitowa a matsayin liman, ya kamata ya ci nan take, haka na rubuta. Amma sai hannunsa ya tsaya a sama na ɗan lokaci, ba da gangan ba, shi da kansa ya faɗa daga baya, alhali kwanon ma babu komi a ciki. Sannan ya sa. Madam Raudatu ta ce a bar wannan tsayawar, kada a taɓa ta.

Ta ce, “Malam Adam, ina ka samo wannan mutumin?” Na ce a Birni. Gambo ya dafa ni da hannunsa mai ƙarnin nama ya ce, “Yanzu sai mu nemi wanda zai kwafe mana, marubuci ba ya kwafe.” Malamin Takieta ya zo ya yi mini barka, ya ce mahaifiyarsa ma haka ta yi shekara shida tana ci a bayan ƙyaure, bai taɓa tunanin dalili ba.

Duk da haka ni zan kwafe. Ban yarda da rubutun kowa ba.

Talata, 5 ga Nuwamba

Aikin ya ƙare, saboda haka babu wani dalilin zuwa Birni. Na je ne kawai don in sanar da shi sakamako, kamar yadda ladabi ya tanada. Ya ce, “To, madalla,” ya tambaya ko Gambo ya kiyaye maganar baki.

Lokacin abinci ya riske ni a can. Fanta ta fito da kwano biyu, ta dube shi, ta dube ni, ta koma ta juye su a ɗaya. Ba wanda ya ce ta yi. Ya wanke hannu sau ɗaya, kamar kowa. Tuwon gero ne da miyar kuɓewa. Ban dubi hannunsa ba. Ko na duba, sau ɗaya ne. Ya fi ni sauri, naman ma duk shi ya tsince, ya ce haƙƙin babba ne.

Da zan tafi ya ce ranar Alhamis Fanta za ta yi dambu. Na ce zan duba yadda aikin biro yake.

Na riga na gaya wa Zara kada ta sa tukunya da ni ranar.