Dutsen da Aka Aiko Maka Daga Amurka

Zuwa ga mahaifina, marigayi Alhaji Sule Injiniya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina rubuta maka wannan takarda. Baba, ashe haka kake da zurfin ciki?

Ranar Talata wani ƙunshi ya iso gidanmu na Agege daga Amurka. A ciki akwai wasiƙa, da hoto, da ɗan dutse kamar ƙwan tantabara.

Hoton na samari ne wajen ashirin a ƙofar wani gidan katako. Duk fararen fata, sai kai a gefen dama, siriri kamar tsinke, ka dafa kafaɗar wani mai tabarau kana ƙyalƙyala dariya. Kai da tarinka kaɗai ke sa mu kashe talabijin!

Mai tabaraun ne ya rubuto, sunansa Sam. Ya ce ƙungiya ce ta ɗalibai Yahudawa da ke zaune gida ɗaya, suna kiran juna 'yan'uwa har mutuwa. Tsofaffin 'yan ƙungiyar na haɗa littafin tarihin gidan, kai kaɗai suka rasa inda ka shiga, sai da jikarsa ta ci karo da sanarwar rasuwarka da na sa a intanet. Yahudawa, Baba! Sai da na zauna a matattakala na sake karantawa.

Ya ce da ka isa makarantar, wata biyu ka yi kan burodi da shayi don gudun naman alade, har ka yanke jiki ka faɗi a aji. Shi ya ja ka kicin ɗinsu, inda alade bai taɓa shiga ba, naman kuma yankakke ne. Daga cin abinci aka ba ka ɗaki. Da azumi mai girkinsu kan ajiye maka na sahur. Ranar Asabar kuwa, da addininsu ya hana su kunna wuta, kai kake kunna musu.

Mu fa? Duk wanda ya tambaye ka labarin Amurka, amsarka ɗaya ce: "Sanyi ne kawai, oga."

Sai yanzu na gane wani abu. Duk Juma'ar da muka je ziyarar kabarin Kaka, kakan tsinci tsakuwa ka ajiye a gefensa. Na taɓa tambayarka, ka ce, "Don ta san an zo." Na ɗauka gadon kakanninmu sojoji ne. Sam ya ce haka suke yi wa mamatansu. Wannan dutsen daga tsakar gidan nan naku ya ɗauko shi. Tsufa ya hana shi tafiya, yana roƙo in ajiye maka, in kuma yarda su sa sunanka a littafin.

Yaya Habu ya ce in jefa dutsen a kwata kafin mutanen masallaci su ji, kada sunanka ya ɓaci bayan ranka, ga abin da ake gani a labarai kullum. Ban ga laifinsa ba. Ni ma kwana uku dutsen na aljihuna ina jin haushinka. Me ya sa ka ɓoye? Kunyarsu kake ji, ko tsoronmu?

Jiya bayan sallar Juma'a na zo wurinka, da niyyar in yi addu'a in koma gida da dutsen. Ina durƙusawa sai na ga tarin tsakuwa a gefenka. Ni na tara su, Baba. Tun rasuwarka nake ajiyewa, ban san a wurin wa ka koya ba. Nan hawaye ya ƙwace mini. Na zaro na Sam na sa a cikinsu, da na ɗago ban ma iya gane wanne ne nasa ba.

Na amsa wa Sam cewa su rubuta sunanka cikakke, har da Alhajin. Wanda ya ciyar da kai kana baƙo ba za mu yi masa butulci ba. Wannan takarda ma a intanet zan sa ta, Yaya Habu zai gani, mutanen unguwa ma za su gani.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. An zo, Baba. Daga nesa ƙwarai aka zo.

Ɗanka da ya fara saninka yanzu,
Nura.