Ƙwarya a Kan Mardiya

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Rabona da littafin nan tun da aka rufe ajinmu na yaƙi da jahilci. Yau na kakkaɓe shi don ba ni da wanda zan gaya wa.

Ɗiyata Mardiya ta sa sunanta a konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gandun daji. Ranar 22 ga watan gobe za su yi gudu a Maraɗi, wanda ya tsallake shi zai zauna na rubutu. In ta ci kuwa, sai inda aka jefa mutum, ko Diffa ko Agadas. Tun da babanta Hamza ya rasu, yayyenta suka watse, ita kaɗai nake jin motsinta a gidan nan. Na ce mata Allah ya sa alheri. Bakina ne ya faɗa.

Ta dawo daga kasuwa da takalmi daga wurin Talle mai bosho, wato kayan gwanjo. Wai takalmi! Safa ce aka shafa wa roba, naɗe shi ake yi a sa aljihu. Ta ce shi kaɗai ne bai matse mata yatsu ba. Ƙafata ta ɗauko, faffaɗa.

Laraba, 4 ga Satumba

Ranar farko, kilomita biyar. Yarinyar da in an aike ta famfo sai ta huta a hanya. Ta dawo tana dariya, wai ji take kamar ba takalmi a ƙafarta.

Alhamis, 5 ga Satumba

Ta kasa sauka daga gado. Sha-raɓarta duka biyu sun ɗaure tamau, da bin bango ta je alwala.

Na san ciwon nan. Ina shekara tara na fara ɗaukar nono daga rugarmu ta arewa da Issawane zuwa kasuwa, da ɗan takalmin roba da ake jin kowace tsakuwa ta cikinsa. Haka na kwana uku ina kuka. Sati biyu ne, in an bi shi sannu sai naman ya yi ƙarfi, ba ya sake dawowa.

Ban gaya mata ba.

Lahadi, 8 ga Satumba

Ta buga wa Mushe Gazali, malaminsu na wasanni a lise, makarantarsu ta sakandare, ta buɗe muryar ina ji. Ya ce da gangan ake yin takalmin haka. Mai tudun diddige shi ke ɗauke wa mutum nauyi. Wannan kuwa sha-raɓa da agara yake bar wa aikin, sabon shiga kuma ba su saba ba. Ya ce minti goma ya kamata ta fara da shi, ba kilomita biyar ba. Da ya tsaya nan! Sai ya ƙara da cewa shi dai bai san ko sati shida za su isa ba.

Ta dube ni. Na ce, "Kin dai ji. Wata ƙahwar ba ta gudu ba ce, Mardiya."

Allah ya yafe mini.

Talata, 10 ga Satumba

Ta sake gwadawa. Na leƙa ta kan katanga: tana wurga ƙafa can gaba, tana dira da diddige dum, dum, irin yadda ta saba da tsohon takalminta na makaranta. Ko daga nan ina jin yadda ƙasa ke dukan ƙashinta. Ba ta kai bakin gonar liman ba ta juyo tana ɗingishi.

Juma'a, 13 ga Satumba

Ta wanke takalmin, ta shanya, ta sa shi a leda. Ran kasuwa za ta mayar wa Talle.

To, abin da nake so ke nan, ko ba shi ba? Na yi mata dambun zogale da take so. Ta ci loma biyu. Tana tsince ƙuli-ƙulin tana ajewa gefe, ba ta dube ni ba ta ce, "Ni na ɗauka ƙahwarki na gado, Inna. Kawu Giɗaɗo ya ce kina zuwa kasuwa ki komo rana ba ta take ba. Ashe faɗin kawai na samu."

Har ta yi murmushi don kada in ji ciwo. Ni da na yi mata ƙarya, ni take lallashi.

Na rufe sauran dambun na ajiye.

Asabar, 14 ga Satumba

Bayan asuba na sauko da ƙwaryar Goggo, mahaifiyata, daga rataya, na cika ta da ruwa fal. Na ce ta sa takalmin. Ta ce, "Mi za mu yi, Inna?" Na ce tallan nono.

Na yi mata gammo na aza mata a kai, muka bi hanyar gonaki. Taku uku ta yi wanka. Na ce kin gani, duk wadda ta dira da diddige nononta a ƙasa yake ƙarewa. Ki rage taku. Ƙafa ta sauka a ƙarƙashinki, ba a gabanki ba, tafin ya fara taɓawa, diddige ya biyo a hankali. Na karɓa na nuna mata, har da sassarfa. Shekara talatin rabona, ko ɗigo bai zuba ba. Ta buɗe baki tana kallona, ni ma dai na ji daɗin kaina.

Ƙwarya huɗu muka zubar. Da ta ce a ƙara na hana. Da hantsi na gasa mata ƙafafun da ruwan zafi na murza da man shanu, daga agara zuwa bayan gwiwa. Ta yi ihu, ta yi dariya. Rabon da in riƙe ƙafar nan a cinyata tun tana rarrafe.

Can ta ce, "Ashe kin sani tun farko." Na ce juyo da ɗayar.

Laraba, 25 ga Satumba

Kwana ɗaya gudu, kwana ɗaya hutu. Yau ta yi sassarfa har tsamiyar marina, ruwan da ya zuba bai cika ludayi ba. Matan da ke tsinkar wake sun ce mun haukace, uwa da ɗiya.

Asabar, 5 ga Oktoba

An ajiye ƙwarya. Ba na iya binta kuma, a gindin tsamiya nake zama da wayarta ina duba minti. Abin da na lura: ban ƙara jin takunta ba. Sai dai in ga ta wuce.

Sha-raɓar ta fito, ta yi tauri. Ta sa na taɓa. Irin ta Goggo sak.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Giɗaɗo ya zo da shanu biyu zai sayar, ya kwana. Ya yi ta tsokanarta, wai gobe ita za ta kama shi yana sassabe wa awaki reshen gawo. Ta ce, "Wallahi Kawu, kai zan fara kamawa." Da ta fita ya rage murya ya ce mini, "Sa'a, ke da kanki kike koya mata hanyar barin gida?" Na ce furarka na tsinkewa.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ta shiga motar Maraɗi. Takalmin a naɗe cikin aljihun jakarta. Gidan ya yi mini girma.

Talata, 22 ga Oktoba

A sujada na yi niyyar in ce Allah ya zaɓa mafi alheri, in tsaya nan. Sai na ji harshena yana cewa Allah ka ba ƙafafunta ƙarfi. Sau uku.

Da la'asar ta bugo. Ta zo ta huɗu cikin mata. Ta ce filin ba yashi ba ne, ƙasa ce mai tauri, tun zagaye na biyu sha-raɓa ta fara ciwo. "Sai na aza ƙwaryar Goggo a kaina, Inna. Ko ɗigo ban zubar ba."

Na ce to madalla, ki ci abinci. Na kashe wayar kafin ta ji hancina.

Litinin, 28 ga Oktoba

Saura na rubutu, wata mai zuwa. Har yanzu ban ce na yarda ba, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Na je kasuwa sayen daddawa, hanya ce kawai ta bi da ni ta rumfar Talle. Na sa ya zazzage buhu biyu kafin a samu irin takalmin Mardiya, mai ruwan toka. Ya ce lamba nawa? Na ce ban san lamba ba, na cire nawa na zura ƙafa. Daidai.

Na ɓoye shi cikin ƙwaryar, na rufe da faifai. Can inda za su kai ta, wa ya san ko ana samun mai faɗin ƙafarmu.